Fiɗar Huhun Doki ta Ƙaramar Kafa: Jawabin da Aka Yi a Taron Ƙungiya



Maganar da aka ɗora mana yau ta taso ne daga turken goɗiyar nan fara ta ɗaya daga cikin iyayenmu, wadda kowa a garin nan ya san ta, don da wuya a yi biki ko hawa ba a gan ta ba. Tun kakar bara take tari. An ba ta kanwa, an yi mata hayaƙi, an rage mata aiki, tarin bai tafi ba, ga ta kuma tana ramewa. Ɗan mai ita, wanda ke aiki a Abijan, ya aiko da saƙo cewa ya gani cikin wayarsa Nasara suna cire ƙari daga huhun doki ba su tsaga shi ba, dokin yana tsaye da ƙafafunsa, kuma in kuɗi ne abin, shi zai biya. Wasu dattawa suka ce tatsuniya ce. Da gardama ta yi tsawo sai aka ce mushe ya je ya karanto, ya zo ya faɗa wa jama'a. To, mu malamin lakwal ne, alli da allo ne aikinmu, amma mun karanta abin da likitocin dawaki suka rubuta, ga shi kuma mun kawo muku yadda muka fahimta.

Yaron bai yi ƙarya ba. Ana yin wannan aiki, an kuma daɗe ana yi. Sai dai abin da waya ta nuna masa cikin minti 2 ya bar magana mai yawa a baya, kuma wannan da aka bari ita ce ta shafi goɗiyarmu.

Mu fara da ƙirjin dokin kansa. Mutum yana da haƙarƙari 12 kowane gefe, saniya 13, doki kuwa 18, saboda haka ƙirjinsa dogo ne, huhunsa kuma ya miƙe har can baya kusa da ƙugu. Babban dokin Turai mai kilo 500, huhunsa yana ɗaukar iska wajen lita 50. Namu ba su kai wannan girma ba, amma ƙirar ɗaya ce. Doki ba ya shaƙar iska ta baki, ta hanci kaɗai yake numfashi. In yana tsaye a turke lafiya lau, yana numfashi sau 8 zuwa 16 cikin minti ɗaya. In aka sake shi sukuwa, kowane tsalle numfashi ɗaya ne, har ya wuce sau 120 a minti. Shi ya sa abin da ya tare masa hanyar iska, ko ƙarami ne, a fagen sukuwa ake fara ganewa, tun kafin a ga kome a turke. Mahayi yakan ce dokin ya yi ƙyuya. Sau da yawa iska ce ba ta isarsa.

Ƙarin da ke tsirowa cikin huhun doki abu ne da ba a cika gani ba. Likita yana iya yin shekarun aikinsa duka bai gamu da ko ɗaya ba. A cikin ƴan kaɗan ɗin da ake samu, wanda ya fi yawa shi ne wani da za mu kira ƙari mai tsaki-tsaki, don in aka duba namansa da madubin likita sai a ga ƙwayoyinsa cike da ƴan ɗigo kamar tsakin hatsi. Daga rigar da ke lulluɓe jijiyoyi yake tasowa. Yana girma a hankali, ba ya cika yaɗuwa zuwa sauran jiki, kuma yawanci gefe ɗaya na huhu yake kamawa. Ɓarnarsa ita ce wurin da yake zama. Maƙogwaron doki in ya shiga ƙirji yakan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, kamar itacen gawo da aka kifa kansa ƙasa. To, jikin waɗannan rassa ƙarin yake tsirowa, ya kumbura ya leƙo cikin hanya har ya toshe ta. Bayan toshiyar sai majina ta taru, wani lokaci ta zama ruwan mugunya. Dokin ya yi ta tari wata da watanni, ya gaji da wuri, ya rame. Alamun sun yi kama da na fukar dawaki wadda ƙurar ciyawa ke kawowa, har likitocin can ma sukan yi ta ba da maganin fuka kafin su gane.

Akwai wata alama da ta ba mu mamaki, muna kuma son dattawa su riƙe ta. Wani lokaci dokin da ke da ƙari a ƙirji, ƙafafunsa huɗu sukan kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙashin kansa ya yi kauri, tafiya ta yi masa wuya. Wani likita Bafaranshe, Piyer Mari, ya bayyana irin wannan ga mutane masu ciwon huhu tun 1890, daga baya aka same shi ga karnuka da dawaki. Ku duba, a nan gida da mun ga haka sai mu ɗauko ƙarfe mu sa a wuta mu yi wa ƙafa lalas, alhali ciwon yana can cikin ƙirji.

Sauran ƙararrakin da ake samu a ƙirjin doki, galibinsu baƙi ne, daga wani wuri suka zo. Akwai ciwon daji na kaluluwa, wanda ke cika ƙirji da ruwa, shi ne ma ya fi yawa. Akwai kuma baƙin ƙari na fararen dawaki, irin waɗanda ake haifa da duhu su yi ta fari da shekaru. A cikinsu, wajen 8 cikin 10 na waɗanda suka wuce shekara 15 suna da ƴan ƙulluttai baƙaƙe a ƙarƙashin wutsiya, ko gefen dubura, ko gindin kunne. Yawanci suna nan zaune shekara da shekaru ba su yi kome ba, amma wasu sukan shiga ciki har su kai huhu. In ƙari ya zo daga wani wuri ya watsu, wuƙa ba ta da abin da za ta yi, babba ce ko ƙarama.

Yanzu ga dalilin da ya sa likitoci suka nemi ƙaramar kafa. A da, in ana son a kai ga huhu, tilas a sa doki barci mai nauyi, a kwantar da shi, a tsaga tsakanin haƙarƙari ko a yanke guntun ɗaya. Kwantar da doki kuwa shi kaɗai haɗari ne. Dabba ce da aka halitta don tsayuwa, har barcinta mafi yawa a tsaye take yi. In ta daɗe kwance, nauyin cikinta yana danne huhun da ke ƙasa, naman gefen da ta kwanta a kai yana mutuwa don jini ba ya ratsa shi. Sa'annan ga tashi. Mutum in ya farka daga oparasiyo ana ce masa ya kwanta, ya kwanta. Doki da ya buɗe ido sai ya zabura zai miƙe, ƙafafunsa ba su gama farkawa ba, wani ya faɗi ya karye, karayar ƙafar babban doki kuwa kun san ƙarshenta. Wani babban ƙidaya da aka buga a 2002, wanda ya bi dawaki fiye da 40,000 da aka sa barci a asibitoci, ya nuna wajen 1 cikin 100 yana mutuwa cikin mako guda, ba a ma lissafa waɗanda aka yi wa aikin ciwon ciki ba. Duk da haka an yi manyan ayyuka ta wannan hanya. A shekarar 2000 likitocin wata jami'a ta jihar Indiyana a Amurka sun ba da labarin cire huhun dama gaba ɗaya daga dokin da ke da ƙari mai tsaki-tsaki. Irin wannan aiki ana ƙirga shi da yatsu.

Dabarar leƙa ƙirji ta ƙaramar kafa, ga mutane aka fara ta. A 1910 wani likita na birnin Istokholm a ƙasar Suwed, mai suna Yakobeyus, ya zura siririn bututu mai fitila tsakanin haƙarƙarin majinyaci ya duba ciki. Nasara suna ce wa wannan torakoskopi. Da aka samu ƴar kamara da ke aika hoto zuwa allon talabijin, sai aikin ya bunƙasa, likitocin dabbobi su ma suka ɗauka. Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga tunanin. Sakiya ke nan: maimakon a tsaga kumburi, a huda shi da ƙaramar kafa. Bambancin shi ne mai sakiya da hannu yake lalube, waɗannan kuwa sun sa ido a bakin ƙarfen.

Ga yadda ake yi. Ana shigar da doki cikin wani shinge na ƙarfe daidai jikinsa. A yi masa allura a jijiyar wuya wadda ke sa shi ya sunkuyar da kai ya yi lamo, ya rage jin zafi, amma bai faɗi ba. A aske gefen ƙirji can sama, a wanke, a yi wata allura da ke kashe wurin. Sai likita ya yanka fata wajen santimeta 1 ko 2 tsakanin haƙarƙari biyu. Yana bin bakin gaba na haƙarƙari, don hanyar jini da jijiya suna bin bakin baya na kowane ɗaya. Ta nan yake zura bututun ƙarfe mai kauri kamar ɗan yatsa, santimeta 1, da fitila da kamara.

A nan akwai abin da ya kamata mu tsaya a kai. Cikin ƙirji babu fili. Huhu yana manne da haƙarƙari, ba don an ɗinke shi ba, sai don babu iska tsakaninsu. Kun ga ƙahon wanzami: ya zuƙe iska, ƙaho ya kama fata, ya buɗe ƴar kafar nan ta sama, iska ta shiga, ƙaho ya saki. Haka huhu yake. Da an huda ƙirji aka bar iska ta shiga, huhun wannan gefe sai ya saki ya lotsa ƙasa, fili ya samu, likita ya ga ciki sarai a allo: bayan huhu, da tantanin ƙirji, da babbar jijiyar jini. Dokin kuwa yana numfashi da huhun ɗaya gefen.

Haɗarin ma a nan yake. Tsakanin gefen dama da na hagu akwai tantani da ya raba ƙirji biyu. Ga saniya yana da ƙwari. Ga doki siriri ne ƙwarai, sau da yawa ma da ƴan huji a jikinsa. In iska ta ratsa ta ƙetara, huhu biyu su saki tare, dabba ta rasa numfashi tana tsaye. Shi ya sa ba a fara aikin sai da bututun iskar oksijan a hancin doki, da injin zuƙe iska a kusa, da mutum guda wanda ba shi da aiki sai kallon numfashi da launin dasashi. Ƙanƙantar kafar ba ta rage yawan mutanen da ake bukata ba, ba ta kuma rage gwanintar da ake bukata ba. Likitan yana aiki da dogayen ƙarafa, idonsa yana kan allo, abin da yake yanka kuma yana motsi da kowane numfashi.

In an ga abin da ake nema a gefen huhu, sai a buɗe kafa ta biyu da ta uku. Ta ɗaya a zura hantsaki a kama wurin, ta ɗayar a zura wani ƙarfe da ke matse naman huhu ya jera masa ƴan ƙusoshi ƙanana sahu-sahu, sa'annan ya yanka tsakaninsu, don kada jini ko iska su tsiyaya. Wasu kuma zarge suke amfani da shi. Likitocin makarantar dabbobi ta Sant-Iyasant, a Kebek ta ƙasar Kanada, sun bayyana a 2008 yadda suke zarga wa gefen huhu zare su ɗaure tamau su yanke guntu, doki yana tsaye. In an gama, a zuƙe iskar da aka shigar, huhu ya koma ya cika wurinsa, a ɗinke kafofin da ɗinki biyu ko uku, a ɗauki hoton radiyo a tabbata. Dokin da ƙafarsa yake komawa barga.

Sai dai mu faɗa muku gaskiya, abin da aka fi samu da wannan ƙofa ta haƙarƙari shi ne sani. Guntun da aka yanko ana kai shi a duba, a gane ko ƙari ne, ko wane iri, ko kuwa tsohon ƙurji ne kawai. Ƙarin da ke zaune shi kaɗai a bakin huhu ana iya cire shi duka. Mai tsaki-tsakin nan kuwa can tsakiya yake, jikin rassan maƙogwaro, ba a kai masa ta waje.

Shi ta hanci ake bin sa, kuma muna tsammani wannan ne ɗanmu na Abijan ya gani. Akwai wani bututu mai lanƙwasa kamar bulala, tsawonsa mita 2 ko fiye, da fitila da kamara a bakinsa, da ƴar hanya a cikinsa da ake zura kayan aiki. A zura shi ta hanci, ya bi maƙogwaro, ana fesa maganin kashe wuri don rage tari, har ya kai inda hanya ta toshe. Likita ya ga ƙarin ya leƙo, sumul, kamar ƙwallon goriba a bakin rami. Sai ya turo zargen waya, ya rataya masa, ya ja, ya saki wutar lantarki cikin wayar. Wutar tana yanka tana ƙone bakin jijiyoyin jini a lokaci ɗaya. Likitocin makarantar dabbobi ta Hanobar a Jamus sun ba da labarin irin wannan aiki a 2002. Wasu suna ƙone ƙarin da wani haske mai ƙarfi da ake kira lazar. In guntun ya yi girma, akan huda ƴar kafa a maƙogwaro daga wuya a fitar da shi ta nan. Da hanya ta buɗe, abin da ya taru a baya ya fita, tari ya ragu.

Amma abin da ya leƙo cikin hanya kaɗai waya ke kamawa. Saiwar tana iya zama cikin naman huhu, kuma sau da yawa ƙarin ba ɗaya ba ne, da ƴan'uwansa a wasu rassan da bututu ba ya kai. Yana iya sake tsirowa, sai an riƙa komawa ana leƙawa. Waya ba ta nuna wa ɗanmu wannan ba, ba ta kuma nuna masa dawakin da aka leƙa aka ga abin ya wuce gyara ba. Su ma a ganinmu aikin ya yi musu amfani, don mai doki ya san gaskiya, ya daina wahalar da dabba da magungunan da ba za su yi ba.

To, mu dawo turken goɗiyarmu. Kayan nan da muka lissafa, da wutar da ba ta yankewa, da ɗakin duba nama, da ma'aikata biyar ko shida, na manyan asibitocin dawaki ne. Ba aikin da likitan bisashe zai yi a gindin bishiya ranar kasuwa ba ne, kome yawan kuɗin da aka aiko. Ƴaƴanmu da ke son wannan fanni, akwai makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, wadda aka kafa a 1968, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka haɗu a kanta. Wannan mun faɗa ne don iyayen da ke cire yara daga lakwal da an fara shuka.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci: babu wanda ya ce ƙari ne ke damun goɗiyar. Cikin dawakin da ke tari, masu ƙari su ne mafi ƙaranci. Ƙurar harawa da ta dusa tana sa tari, balle da hunturu. Ba mu manta da murar dawaki da jakuna ta ƙarshen 2018 da farkon 2019 ba, wadda ta ratsa ƙasar nan da maƙwabta ta kashe jakuna masu yawa. Irin waɗannan cututtuka sukan bar ƙurji ko rauni a huhu. Sa'annan akwai abin da mu da kanmu muke jawowa, muna roƙon iyayenmu su yi mana haƙuri mu faɗa: ɗura wa doki jiƙo ta hanci, ko a ɗaga kansa sama a ja harshe a zuba masa. Dokin da aka yi wa haka ba ya iya haɗiya daidai, wani abin sai ya bi maƙogwaro ya sauka huhu ya ruɓe a can. Magani in za a ba shi, a cuɗa cikin dusa, ko a ba shi kaɗan-kaɗan ta gefen baki, kansa yana daidai.

Abin da muka shawarta da mai goɗiya shi ne wannan. Daga yau za a riƙa jiƙa harawarta da ruwa kafin a ba ta, a zuba mata a ƙasa, a kuma matsar da turkenta daga kusa da masussuka. Ɗaya daga cikin yaran ajinmu, jikansa ne, zai riƙa ƙirga numfashinta da safe da agogo ya rubuta a takarda, ya kuma rubuta ranar da majina ta fito, ko ta hanci ɗaya ko biyu, ko da wari. Mun ɗaga wutsiyarta jiya mun ga ƙulluttai biyu baƙaƙe kamar ƙwayar gujiya. Ga farar goɗiya mai shekarunta wannan ba abin firgita ba ne, amma za a nuna wa likita, don irinsu tun suna ƙanana ake cirewa da sauƙi. Kuɗin da ɗanmu ya ce zai aiko, a ɗauko likitan bisashe da su ya zo har gida, ya auna zafin jikinta, wanda ga lafiyayyen doki yake tsakanin 37,5 da 38,5, ya saurari ƙirjin dama da na hagu. In ya ji gefe ɗaya shiru ɗayan yana aiki, wannan magana ce dabam, shi zai faɗa mana abin da ya rage. Kafin nan ba hawa, ba lalas, ba ɗuri.

Sakataren ƙungiya ya ce zai rubuta wa ɗanmu na Abijan, ya haɗa masa da wannan takarda. Wanda ke da tsohon doki fari a gida, ya ɗaga wutsiyarsa ya duba kafin ranar kasuwa, in ya ga wani abu ya ba sakatare sunansa, don likita in ya zo ya zaga su duka a tafiya ɗaya.